Wa Ya Fi Laifi, Kurege Ko Maƙeri?

Baƙon da ya sauka Ingila cikin hunturu, in ya leƙa ta tagar bayan gida, abin da zai fara ba shi mamaki shi ne waɗansu 'yan kwanduna da bututai da ke rataye a lambunan mutane, cike da gyaɗa da tsaba da curin kitse. Abinci ne aka ajiye wa tsuntsayen daji, waɗanda ba na kowa ba ne, ba a cinsu, ba a kuwa sayar da su. Manomin da ya kwana yana tunanin yadda zai kori jan-baki daga gonar gero zai ce wannan wauta ce. Amma a ƙasar da ƙanƙara ta kan rufe ƙasa, dare kuma ya kai awa goma sha shida, ɗan tsuntsun da nauyinsa bai wuce giram 11 ba yana iya mutuwa kafin asuba in ya kwana da yunwa. Kusan rabin gidajen Biritaniya suna ba tsuntsaye abinci. An ƙiyasta kuɗin da su ke kashewa a kai tsakanin fam miliyan 200 da miliyan 300 kowace shekara, kuma a 2019 masanan ƙungiyar nazarin tsuntsaye ta BTO suka ba da lissafin cewa iri 133 na tsuntsaye suna zuwa cin wannan abinci. Abin da a ke zuba abincin a ciki, a cikin wannan jawabi za a kira shi rumbun tsuntsaye.

Duk wanda ya taɓa sayen irin wannan rumbu, kuka biyu ya kan yi. Na fari, an sayar masa da shi a wargaje cikin kwali, ya sha wahala kafin ya harhaɗa. Na biyu, bai cika mako guda da rataya shi ba sai kurege ya zo ya cinye abin da ke ciki, ko da ya ke an rubuta a jikin kwalin, da manyan baƙaƙe, cewa kurege ba ya iya masa. Mutane sun ɗauki waɗannan a kan matsala biyu dabam dabam, suna zagin kamfani a kan ta fari, suna zagin kurege a kan ta biyu. Ra'ayin wannan jawabi shi ne, matsala ɗaya ce. Har wa yau akwai ta uku a ƙarƙashinsu, wadda ta fi su duka haɗari, ita ce kuwa aka fi mantawa da ita.

Sai a fara da wanda a ke tuhuma. Mai sauraro kada ya ɗauka kuregen da ya sani ne, mai rami, mai tonon gyaɗa a gona, wanda tatsuniya ta ba shi suna wajen wayo. Wannan ɗan'uwansa ne na bisa itace, mai launin toka, asalinsa kuwa gabashin Amurka ta Arewa. Ba da ƙafarsa ya zo Ingila ba. A 1876 aka saki na farko da aka rubuta labarinsu, a Henbury cikin lardin Cheshire, don kawai su ƙawata gandun wani attajiri. A 1890 aka kawo waɗansu Woburn, daga can kuma aka riƙa rarraba su kyauta ga manyan mutane a wurare dabam dabam. Kafin a farga sun cika ƙasa. A 1937 aka hana shigo da su da ajiye su, amma aikin gama ya gama. A 1953 gwamnati ta sa ladan sule guda a kan kowace wutsiyar kurege da aka kawo, daga baya ta mai da shi sule biyu. Aka biya kuɗi mai yawa, kurege bai ragu ba, kafin 1960 aka watsar da shirin. Ƙididdigar 2018 ta ce akwai toka-tokan kurege wajen miliyan 2.7 a Biritaniya, alhali kuwa jan kurege, ɗan ƙasa na asali, bai kai 300,000 ba, yawancinsu kuma sun koma Sikotland. Baƙon ya fi ɗan gida girma kusan ninki biyu, ya fi shi iya cin 'ya'yan itatuwa iri iri, yana kuma ɗauke da wata cutar ƙuraje wadda ba ta yi masa kome, amma tana kashe jan.

Saboda haka waɗanda ke cewa a bar kurege ya ci, ai shi ma halittar Allah ne, maganarsu tana da daɗin ji, amma ba ta duba abin da ke biye ba. Masanan Jami'ar Reading sun kafa na'urorin ɗaukar hoto a lambunan garin, suka ƙirga ziyara fiye da 33,000, suka buga sakamakon a 2018. Sun tarar fiye da kashi 44 cikin 100 na lokacin da a ke cin abinci a rumbunan, kurege ne ke ci. Muddin yana kai, ba tsuntsun da ke sauka. Rumbun da kurege ya saba da shi kuwa, tsuntsaye su kan rage zuwa ko ba ya nan. Watau mutum ya ba da kuɗinsa don tsuntsu, ya ƙare yana kiwon dabbar da ke ɓare bawon itatuwan ƙasarsa, ta kan kuma fasa sheƙa ta sha ƙwai in ta samu dama. Hana kurege wajibi ne. Gardamar a kan hanyar hana shi ta ke.

Wanda zai yi gaba da wannan dabba ya kamata ya san kayan yaƙinta. Haƙoransa na gaba ba su daina tsiro har ya mutu, kuma fuskarsu ta waje ta fi ta ciki tauri, don haka cin da su ke yi shi ke wasa su, kullum suna da kaifi kamar kurfi. Roba da katako ba su tsaya musu, ƙaramar waya ma su kan tsinke ta. Wuyan ƙafarsa ta baya yana juyawa har tafin ya fuskanci baya, shi ya sa ya kan sauko daga itace kai ƙasa, ya kuma rataye da ƙafafun baya kaɗai, hannuwansa biyu suna aiki. Wajen tsalle, masu ciyar da tsuntsaye a Amurka suna da wani ma'auni da su ke bi, 5 da 7 da 9: ƙafa 5 daga ƙasa zuwa sama, ƙafa 7 a kwance, ƙafa 9 in daga bisa zai diro. Ƙiyasi ne na masu lura, wani kuregen ya kan wuce haka, amma ya isa a yi aiki da shi.

Abin da ya fi haƙori da ƙafa shi ne kai. A 2021 mujallar Science ta buga aikin waɗansu masana na Jami'ar Kalifoniya a Berkeley, waɗanda suka jawo kuregun harabar makarantar da gyaɗa, suka sa su tsalle daga sanduna masu lanƙwasa iri iri. Suka ga kurege yana auna abu biyu kafin ya tashi, nisan wurin da taushin reshen da ya ke kai, kuma taushin reshe ya fi damunsa nesa ba kusa ba. In aka ba shi sandar da bai sani ba, cikin gwaji biyar ya gyara tsallensa. In ya ga bango a gefe, sai ya buga ƙafa a kansa ya ƙara nisa ko ya rage gudu. In ya kuskure, ya kama da hannu ya wulwula jiki ya hau. Ko ɗaya bai faɗi ƙasa ba a duk gwajin. A Jami'ar Exeter kuma, a 2017, aka nuna kuregu biyar da aka taɓa koya wa buɗe wani akwati mai maɓallai sun tuna dabarar bayan wata 22. A 2020 wani injiniya Ba'amurke, Mark Rober, ya gina wa kuregun bayan gidansa hanya mai cike da cikas, ya ɗauki hotonsu, miliyoyin mutane suka kalla a YouTube suna dariya. Ƙarshenta dai kuregun sun kai ga abincin. Ga shi kuma kurege ba shi da ofis, ba shi da kasuwa. Mai gida ya ba rumbu minti goma da safe, shi kuwa yini guda ya ke da shi.

To, da irin wannan abokin gaba, kalmar nan da a ke bugawa a kwali, wai kurege ba ya iya masa, kalmar talla ce. Rumbu ba ya tsare kansa shi kaɗai. Tsaronsa ya rataya ga yadda aka harhaɗa shi da inda aka kafa shi, waɗannan biyu kuwa maƙeri ya bar su a hannun mai saye, wanda ya ba shi takarda guda mai zane-zane ba bayani.

A duba irin da aka fi yabo, mai aiki da nauyi. Dabararsa mai kyau ce ƙwarai, kuma tsohuwa ce, gama tun 1678 Robert Hooke ya bayyana cewa miƙewar sifirin daidai ta ke da nauyin da aka ɗora masa. A kan sa bututun tsaba a cikin wata riga ta ƙarfe mai ƙofofi, rigar tana rataye a kan sifirin. Ƙaramin tsuntsu mai giram 20 ko 30 ya sauka, riga ba ta motsa ba, ya ci abinsa. Kurege mai rabin kilo ko fiye ya hau, riga ta zame ƙasa, ƙofofi suka rufe. Tsakanin nauyin biyu akwai ninki ashirin, saboda haka a bisa lissafi ba yadda za a yi abin ya kasa. Amma lissafin yana da sharuɗɗa waɗanda ba kullum a ke faɗa wa mai saye ba. Dole rumbun ya rataye sak, domin in ya karkata, riga ta kan goga jikin bututu ta cije. Dole ƙofar riga ta yi daidai da ƙofar bututu, wanda kuwa ya juya rigar kaɗan wajen harhaɗawa ya rufe wa tsuntsaye abinci da hannunsa. Dole a ɗaure notin sifirin daidai: in ya yi tauri, ɗan kurege matashi ya hau ba ta rufe ba, in ya yi sako-sako, tsuntsaye uku su sauka tare ta rufe musu. Mafi girma duka, dole nauyin kurege gaba ɗaya ya hau kan rumbun. In akwai reshe ko turke ko shinge a cikin inci 18, sai ya kafa ƙafafun baya a can, ya miƙo jiki kamar gada, ya ɗebi tsaba da hannu, sifirin bai san an yi ba. Mai gida ya leƙo ya ga haka, ya ce an cuce shi. Lalle an cuce shi, amma da rashin bayani.

Iri na biyu shi ne mai keji, watau a kewaye bututu da ragar ƙarfe mai ramukan da ƙaramin tsuntsu zai shiga, kurege ya kasa. Binciken Reading ya tarar keji ya kusan kawar da kurege daga rumbun tsaba, amma a rumbun gyaɗa rabi kaɗai ya rage. In keji ya matso kusa da bututu, hannu ya kan kai inda jiki bai kai ba. In murfi bai kama da kyau ba, ta sama a ke shiga. Ɗan kurege kuma ya kan kutsa ta rami, ya ci ya ƙoshi, ya kasa fita, mai gida ya tashi da safe ya tarar da fursuna. A nan ma wata wahala ta ke, domin dokar Ingila ta hana sakin toka-tokan kurege bayan ya shiga hannu, tun 2019 kuwa aka ƙara tsananta ta.

Akwai kuma masu barbaɗa barkono a cikin tsaba. Wannan ba camfi ba ne. Zafin barkono ya kan taso ne sa'ad da wani sinadari da ke cikinsa ya taɓa waɗansu jijiyoyi masu jin zafi a bakin dabba mai shayarwa. A 2002 David Julius da abokin aikinsa suka nuna irin wannan ma'ajin zafi na tsuntsu ba ya amsa wa sinadarin. Shi Julius ɗin ya samu kyautar Nobel a 2021 saboda bincikensa a kan yadda jiki ke jin zafi. Hikimar kuwa a fili ta ke: tsuntsu ya haɗiye 'ya'yan barkono ya kai su nesa ya zubar da su lafiya, ɓera kuwa tauna su ya ke yi ya lalata. Sai dai ruwan sama ya kan wanke garin, iska ta kan watsa shi a idon mai zubawa, kuregen da yunwa ta matsa wa kuma ya kan daure. Taimako ne, bai kai a dogara gare shi ba. Amma shafa man inji ko kitse a jikin turke, wannan mugun aiki ne, domin ya kan ɓata gashin tsuntsu, tsuntsun da gashinsa ya manne kuwa sanyi ne ajalinsa.

Dabarar da ta fi duka, ita ce wadda ba ta da sifirin ko ƙofa, kuma manoman Ingila sun san ta tun kafin kurege ya zo. Rumbunansu na hatsi a kan ɗora su bisa waɗansu duwatsu masu siffar laima, ƙafa siririya da faffaɗan kai, ɓera ya hau ƙafar ya iske rufi a kansa, ba ya iya tafiya a kife, ya sauko. Matuƙan jirgin ruwa suna yin haka da faifan ƙarfe a jikin igiyar da ke ɗaure jirgi a gaɓa. Ga rumbun tsuntsaye, abin da a ke bukata shi ne turken ƙarfe mai santsi, da malfar ƙarfe mai faɗi a ɗaure a jikinsa ƙafa 5 daga ƙasa, a kafa shi a fili inda ba reshe ko danga ko rufin ɗaki a cikin mita uku. Shi ke nan. Duk rumbun da aka rataya bisa wannan malfa ya tsira, ko da na araha ne. Amma ko nan harhaɗawa ta kan kawo cikas. Turken ya kan zo gunduwa uku ko huɗu masu shiga juna, mahaɗarsu tana rawa. Ƙafarsa gajeriya ce, ruwa ya jiƙa ƙasa ya karkata. Zoben da ke riƙe malfa sukuru ɗaya ne ke kama shi, kurege ya faɗo a kai sau goma ya zame ƙasa. Yawancin lambunan birni kuma ƙanana ne, ba su da fili mita uku ta kowane gefe, mai shago kuwa ba ya tambayar faɗin lambu kafin ya karɓi kuɗi.

Yanzu ga matsala ta uku. A 2005 aka fara ganin ƙananan tsuntsaye suna mutuwa a lambunan Biritaniya da wata cuta ta maƙogwaro. Ƙwayar cutar ba baƙuwa ba ce ga masu kiwon tantabaru a ko'ina cikin duniya, sun san farin ƙurjin da ta kan sa a bakin tantabara. Abin da ya faru shi ne ta tsallaka zuwa ga ƙananan tsuntsaye masu cin tsaba, musamman wani kore, dangin kanari, wanda a nan za a kira shi koren kanari. Tsuntsun da ya kamu ya kan zauna a kumbure, gashin bakinsa a jiƙe, ya ɗauki tsaba ya kasa haɗiyewa, ya tofar da ita da yawu a inda ya ɗauka, wani ya zo ya ci. Cikin 'yan shekaru kaɗan yawan koren kanari ya faɗo daga wajen miliyan 4.3 zuwa miliyan 2.8, bai kuwa tsaya nan ba. A 2021 aka sa shi cikin jerin tsuntsayen da halinsu ya fi tada hankali a ƙasar. A farkon 2025 ƙungiyar kare tsuntsaye ta RSPB, wadda aka kafa tun 1889, ta dakatar da sayar da teburan ciyarwa masu shimfiɗaɗɗen bisa, don gudun su ne ke taimakon cutar. Duk ɓarnar da kurege ya yi a bakin rumbu ba ta kai wannan ba.

Ƙwayar cutar ba ta daɗewa a busasshen wuri. A cikin ruwa da jiƙaƙƙiyar tsaba ta ke rayuwa. Jiƙaƙƙen abinci yana da wani haɗari kuma, wanda ƙasashen gyaɗa suka sani da tsada. A 1960 talotalo fiye da 100,000 suka mutu a gonakin Ingila, aka bi sawu har aka gano wata guba da funfuna ke haifarwa a cikin ƙulin gyaɗa da aka kawo daga Barazil. Ita ce gubar afulatoksin, wadda tun daga lokacin ta zama abin da a ke auna gyaɗar kowace ƙasa da shi kafin a saya. Gyaɗar da ta kwana mako uku a gindin rumbu, ruwa yana shiga ta murfin da bai zauna daidai ba, ba abin da za a ba tsuntsu ba ne. Saboda haka shawarar masana ba ta da wuyar faɗi: a wanke rumbu kowane mako da maganin kashe ƙwayoyin cuta, a ɗauraye, a bar shi ya bushe sarai kafin a zuba abinci, a riƙa sauya masa wuri, a zuba abin da za a cinye cikin kwana ɗaya ko biyu, in kuwa aka ga tsuntsu marar lafiya a janye rumbun gaba ɗaya na waɗansu makonni.

A nan ne matsalolin uku suka haɗu. Ba a wanke rumbu sai an kwance shi, wanda ya kwance kuwa sai ya sake harhaɗawa. Ashe harhaɗawa ba aikin rana ɗaya ba ne, aiki ne na sau hamsin a shekara, a waje, cikin sanyi, da yatsun da suka ƙage. Kowane ƙarfe da maƙeri ya ƙara don kurege, ya ƙara lungun da dusa da yawu za su maƙale, ya kuma ƙara sukurun da zai yi tsatsa ya ƙi kwancewa. 'Yan harsunan roba da ke kama gindin bututu, rana ta gasa su, sanyi ya busar da su, ran da aka matsa sai su karye. Mutumin da ya sha awa guda ran farko yana neman inda wani ɗan zobe zai shiga, ya riga ya rantse a zuciyarsa ba zai sake taɓa abin ba. Sai ya riƙa ƙara sabuwar tsaba bisa tsohuwa, yana murna kurege ya kasa, alhali kuwa ƙasan bututun ya zama baƙi. Garin neman gira ke nan a rasa ido.

Masu ƙera rumbu suna da amsa, kuma ba ta banza ba ce. Sun ce abin da yatsan mutum ya buɗe cikin sauƙi, kurege ma zai buɗe. Sun ce aikawa da kaya a wargaje ita ke rage kuɗin dako har talaka ya iya saye. Sun ce kuma mai saye abin da ya ke tambaya a shago kurege ne, ba wanki ba. Maganar fari tana da gyara. Akwai motsin da hannun mutum ke yi wanda kurege ba ya iyawa, kamar matsa maɓalli biyu da ke gefe da gefe a lokaci guda, ko danna murfi sa'an nan a murɗa, irin na kwalbar magani da a ke yi don yara. Akwai rumbuna a kasuwa da gindinsu ke fita da irin wannan dabara, ba tare da sukurudireba ba, wannan kuwa ya nuna abin mai yiwuwa ne. Maganar kuɗin dako gaskiya ce, amma ba ta hana a rage yawan gunduwoyi ba, ba ta kuma hana a ƙera kowace gunduwa yadda ba za ta shiga ba sai ta fuskar da ta dace. Magana ta uku ita ce mai nauyi, kuma a kan mai saye ta faɗa. In ɓera da sata, daddawa ma da wari.

Abin lura ne cewa waɗanda suka fara wannan sana'a ba kurege ne a gabansu ba. Hans von Berlepsch, wani basarake Bajamushe da ya yi gwaje-gwajen ciyar da tsuntsaye a gandunsa na Seebach wajen farkon ƙarni na ashirin, babban abin da ya nema a kayan da ya ƙera shi ne abinci ya zauna a bushe kome ruwa kome ƙanƙara. Bututun da Peter Kilham ya fito da shi a Amurka a 1969, wanda yawancin na yau suka gada, sauƙinsa ne ya sa ya karɓu. Daga baya ne gasar kurege ta mai da rumbu kamar injin agogo.

Shi kurege kuwa, maganinsa na ainihi ba a bayan gida ya ke ba. A Ayaland a 2014, da Sikotland a 2018, an nuna cewa inda wata dabbar itace mai farauta, dangin dage da bodari, ta komo dazuzzukan da aka taɓa ƙarar da ita, toka-tokan kurege ya ragu, jan ya farfaɗo. A 2022 kuma masanan gwamnatin Biritaniya suka ba da labarin wani akwati da su ke gwadawa, mai ƙofa mai nauyi wadda ƙananan dabbobi ba su iya ɗagawa sai shi baƙon, da nufin a zuba masa maganin hana haihuwa a ciki. Dabarar nauyi ce dai ta rumbun tsuntsaye, aka juya ta.

Abin da ya rage a hannun mai lambu kaɗan ne, amma shi ne ke raba tsuntsu da cuta. Kafin ya fita saye, ya ɗauki igiya ya auna tsakanin inda zai kafa turke da reshe mafi kusa. In fili ya isa, turke da malfa da bututu marar ado sun wadatar. In bai isa ba, sai mai sifirin ko mai keji, amma kada ya biya sai mai shago ya kwance shi a gabansa, ya mayar, da hannu kaɗai, yana duban agogo. Rumbun da ya ci fiye da minti biyu a kan teburin shago, inda ga haske ga ɗumi, ba za a wanke shi a watan Janairu ba. Wanda kuma ya san ayyukansa ba za su bar shi ya yi wankin mako mako ba, ya fi kyau ya bar rumbu a shago, ya dasa itatuwa masu 'ya'ya da furanni masu tsaba a gefen dangarsa, ya bar su su bushe a tsaye har ƙarshen hunturu.